Lungun da Ba Ya Ɓullewa: Waiwaye Kan Tarihin Hanyoyin Birnin Kano

  

Wata jana'iza ce ta sa na ɗauko wannan batu. A daminar da ta wuce Allah Ya yi wa wani dattijo maƙwabcina rasuwa, a unguwarmu da ke bayan gari, ɗaya daga cikin unguwannin nan da ake kira awon igiya. Daga ƙofar gidansa, idan mutum ya yi ɗage, yana hango itatuwan maƙabarta. To amma sai da muka yi kusan minti 40 ɗauke da makara kafin mu isa, domin layin da yake ɓullewa can a da, wani ya sayi bakinsa ya yi gini. Muka juyo baya, muka zaga ta bakin titi. A cikin layinmu kuwa, akwai wurin da sai da masu ɗauka na gefe suka saki, na gaba da na baya kaɗai suka wuce da ita, saboda dakalin wani gida da ramin masan gidan da ke kallonsa sun matse hanyar. Wannan dakali nawa ne. Ni na sa aka gina shi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: yaya aka yi garin da kakanninmu suke ƙure shi da ƙafa ya koma garin da makara ba ta iya wucewa? Abin da na fahimta shi ne zan ɗan gutsura wa mai karatu, da fatan Allah Ya sa mu amfana baki ɗaya.

Yadda Magabata Suka Shata Gari

Kafin mu shiga Kano, ya kamata mu san cewa Musulunci bai bar maganar hanya kara zube ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci, idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata kamu 7, wato kimanin mita 3 da rabi. Malamai sun ce hikimar ita ce dabba mai ɗauke da kaya ta samu shiga da fita ba tare da ta takura mai tafiya ba. Haka nan ya lissafa wa masu zama a bakin hanya haƙƙoƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani.

Da aka zo kafa birnin Kufa a ƙasar Iraƙi, a shekara ta 17 bayan Hijira (638 Miladiyya), zamanin Sayyidina Umar (RA), masallaci aka fara shatawa, sannan aka fitar da hanyoyi daga gare shi. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo cewa manyan hanyoyi an ba su kamu 40, masu bi musu kamu 30, sai 20, lunguna kuma kamu 7. Wato an fitar da hanya tukuna, sannan kowace ƙabila ta gina a inda aka yanka mata. A riƙe wannan jeri da kyau, domin za mu dawo kansa.

Malaman Malikiyya daga baya sun faɗaɗa wannan babi ƙwarai. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis da ake kira Ibnur Rami, wanda alƙalai kan tura shi duba rigingimun gini, ya kuma tattara hukunce-hukuncen a littafi guda. A fiƙihunsu hanya iri biyu ce. Akwai mai ɓullewa, wadda ta dukkan Musulmi ce, ba wanda ya isa ya ci ko taƙi ɗaya daga cikinta idan hakan zai cutar da masu wucewa. Akwai kuma wadda ba ta ɓullewa, wadda take tamkar tarayyar mutanen da ƙofofinsu ke cikinta, ba a sauya mata fasali sai da yardarsu. Suna kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an rushe wata maƙera da aka kafa a kasuwa saboda ta ƙuntata wa mutane hanya.

Kano a Cikin Ganuwa

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa kuma aka kafa Kasuwar Kurmi. An sake ƙara ganuwar a ƙarni na 17, zamanin Muhammadu Nazaki.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran gonaki ne da makiyaya da kududdufai, ga Dala ga Goron Dutse duk a ciki. Bajamushe Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma wajen 30,000 ya ƙiyasta, ya ce adadin kan ninka a lokacin da fatake suka sauka. Ashe magabata sun yi wa garinsu iyaka, sannan suka bar wa jikoki wurin da za su gina a cikin iyakar, suka kuma bar abin da za a ci idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya.

Tsarin hanyoyin kuwa mai sauƙin ganewa ne ga wanda ya taka su. Daga kowace ƙofa, ko Mazugal ce, ko Wambai, ko Ƙofar Mata, ko Na'isa, ko Kabuga, ko Waika, akwai babbar hanya da ta nufi Kurmi ko fada. Daga waɗannan manyan hanyoyi sai kwararo ya ɓalle ya shiga unguwa, daga kwararo sai lungu, a ƙarshen lungu sai soro. Wasu lungunan suna ɓullewa, wasu kuma a ƙofar wani gida suke tuƙewa, kuma galibi mutanen cikin irin wannan lungu dangin juna ne ko masu sana'a ɗaya. Baƙo yana shiga ya san ya shigo hurumin wasu, mata da yara kuma suna da sararin kai da kawo cikin sutura.

Na yi ƙuruciyata ina zuwa gidan kakata a cikin birni, kuma abin da nake iya tunawa shi ne ban taɓa ganin an nemi abin hawa domin zuwa masallaci, ko makarantar allo, ko gidan mai ƙosai, ko gaisuwar mutuwa ba. Lungun kan yi kwana-kwana, amma kowace buƙata tana nan kusa, kuma kullum akwai wata 'yar hanya da yaran unguwa suka sani wadda za ta yanke maka nisa. An gina garin ne daidai da ƙafar mutum da faɗin jaki mai mangala.

Zuwan Turawa da Gari Uku

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a gabas, wajen Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka kwararo, aka yanka musu Sabon Gari a 1913. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ta tabbatar da wannan rabo, kuma ƙa'idarsu ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare kansu daga sauro da cututtuka.

Daga nan Kano ta zama gari uku, kowanne da irin hanyarsa. Birni yana nan da lungunansa. Sabon Gari an shata shi da layuka miƙaƙƙu masu gicciye juna kamar gidan dara, kowane layi yana ɓullewa, shi ya sa har gobe baƙo ba ya ɓata a can. Unguwar Turawa kuwa manyan filaye ne, gida can gida can a tsakiyar itatuwa, da tituna masu faɗi da aka yi domin doki da mota. A nan ne, a ganina, aka shuka wani tunani da bai bar mu ba har yau: cewa babban mutum shi ne wanda gidansa ya yi nisa da na kowa, kuma ba ya zuwa ko'ina da ƙafa. Da Turawa suka tafi a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji tunanin, sauran jama'a kuma muka ɗauke shi a matsayin abin buri.

Bayan 'Yancin Kai

A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano da kewayensa wajen 130,000 ne. Hukuma ta hango cewa garin zai bunƙasa, aka sa wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. To amma gari ya fi takarda sauri. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1980 kuma ya koro mutanen karkara da na Sahel zuwa birni. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka yi birnin, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, sun tashi da mutum kusan miliyan 3.

Ina aka zuba wannan jama'a? Gwamnati ta yanka filaye masu tsari a wurare irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hotoro, amma ba su isa ba, kuma talaka bai cika samunsu ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, sai manomin da ke bakin gari ya ga gara ya yanka gonarsa ya sayar da kansa tun kafin a karɓe ta a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai a kira dillali, a kawo igiya, a auna fuloti-fuloti. Daga nan sunan awon igiya ya samo asali. Tun da kowane taƙi kuɗi ne, hanya ita ce abin da ya rage bayan an gama yanka, kuma mai gonar nan bai damu layinsa ya haɗu da layin mai gonar can ba. Mai karatu ya tuna jerin Kufa: masallaci, hanya, sannan gida. Mu kuwa gida muka fara, hanya ta samu saura, masallaci da makaranta da maƙabarta sai wanda Allah Ya ciyar ya ba da wakafi.

Haka garin ya yi ta miƙa ƙafa yana bin manyan titunan da suka fita daga cikinsa: titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, titin Zariya ta Unguwa Uku da Na'ibawa, titin Maiduguri ta Hotoro da Mariri, titin Gwarzo ta Rijiyar Zaki har ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Ƙauyukan da a da ake zuwa ci-rani daga cikinsu yanzu unguwanni ne. Gonakin da ke cikin ganuwa sun daɗe da zama gidaje, kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike da yawansu an gina, ita kanta badala an cinye ta a wurare da dama.

Sai kuma wani sabon abu ya ƙaru. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012, an toshe hanyoyi da dama da ke kusa da ofisoshin jami'an tsaro, kuma tsoron ɓarayi da masu ƙwace ya sa unguwannin masu hali suka riƙa sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, da maigadi, a rufe da dare, wani lokaci har da rana. Sababbin rukunonin gidaje kuma da katangarsu ake gina su, ƙofa ɗaya shiga, ita ce kuma fita. Ba na zargin wanda ya ji tsoro, domin abin da ya faru ya isa a ji tsoro. Sai dai mu sani cewa duk layin da aka rufe, akwai almajiri da mai tallan abinci da tsohuwa mai zuwa asibiti da aka ƙara wa tafiya.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Wannan ciwo ya game duniya. A Amurka, tsofaffin birane irin su Filadelfiya an shata su ne da layuka masu gicciye juna. Da mota ta yawaita, sai aka fara gina unguwanni masu lungunan da ba sa ɓullewa da gangan, kamar garin Radburn da aka kafa a 1929, hukumar ba da lamunin gidaje ta ƙasar kuma ta ƙarfafa wannan salo tun daga shekarun 1930. Wasu masu bincike biyu, Barrington-Leigh da Millard-Ball, sun auna abin ta hanyar ƙirga yawan hanyoyin da ke haɗuwa a kowace mararraba da yawan waɗanda ke tuƙewa. A bincikensu na 2015 sun gano cewa rashin haɗuwar sababbin tituna a Amurka ya kai ƙololuwa wajen 1994, sannan ya fara sauƙi. A 2020 suka auna duniya baki ɗaya, suka ga cewa tun daga 1975, a mafi yawan ƙasashe, titunan da ake yi a baya-bayan nan sun fi na da rashin haɗuwa da juna.

Illar abin a fili take. Idan layuka ba sa ɓullewa, wurin da kake hangowa da ido sai ka yi doguwar tafiya kafin ka kai. Idan tafiya ta yi tsawo, sai a nemi abin hawa. Kowane abin hawa kuma dole ya fito babban titi ɗaya, sai cunkoso. Shi ya sa muka ga zamanin acaɓa har aka hana ɗaukar fasinja da shi a Kano a 2013, muka ga A Daidaita Sahu ta cika gari, muka ga gadar sama a Ƙofar Nassarawa da sauran gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka biyo baya. Waɗannan ayyuka sun rage wahala a inda aka yi su, amma gada ba ta buɗe layin da aka toshe a cikin unguwa.

Wani zai ce, ai birnin kakanninmu ma cike yake da lungun da ba ya ɓullewa, me ya bambanta? Bambancin shi ne, lungun birni gajere ne, yana rataye a jikin hanya mai ɓullewa wadda shari'a ta hana a taɓa, kuma masallaci da kasuwa suna kusa. Namu na yau kuwa ita hanyar jama'ar ce muke toshewa, a garin da ya riga ya yi faɗin da ƙafa ba ta iya ƙure shi.

Abin da Ya Shafe Mu

Ya ɗan'uwa matashi, da yawanmu yanzu muke tara kuɗin fuloti, wasu sun fara aza tubali. Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, hanya ta fi gida tsawon rai. Gidajen da ke cikin birni an rushe su an sake ginawa ba adadi, amma hanyar da ta tashi daga Ƙofar Mazugal ta nufi Kurmi tana nan inda take. Wanda ya bar hanya ya bar wa mutanen da ba a haifa ba tukuna abin da za su taka. Wanda ya ci hanya kuwa, zai mutu ya bar ginin yana ci gaba da cutar da mutane, ga kuma gargaɗin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa duk wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai.

Akwai kuma abin da ke salwanta a hankali ba mu lura ba. Lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su zauna a gidajensu, ya sanar da su cewa ana rubuta musu takunsu. A kan hanyar masallaci ne ake yin sallama, a ga wanda bai fito ba a tambayi lafiyarsa, a san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Wanda yake fita daga gareji a mota ya dawo gareji a mota zai iya shekara bai san maƙwabcinsa na bayan katanga yana kwance ba.

Saboda haka, idan za ka sayi fili, ka tambayi dillali faɗin layin da kuma inda yake ɓullewa kafin ka tambayi farashi. Idan an ce maka wannan fulotin a da hanya ne shi ya sa ya yi araha, ka bar shi ko da kyauta ne. Idan gonar gado za ku yanka, ku zauna da masu gonakin da ke maƙwabtaka da ku da mai unguwa a daidaita layuka su haɗu, a fitar da masallaci da makaranta da magudanar ruwa tun farko. Idan kuma dole ta sa a sanya ƙofa a bakin layi, to a bar ƙaramar ƙofa a buɗe domin mai tafiya da ƙafa.

Kammalawa

Na koma kan dakalina. Lokacin da ake ginin gidan, magini ne ya ce mini, "Malam, kowa a layin nan ya fito da nasa, kai kaɗai za ka bar naka a ciki?" Na yi shiru, shirun nan kuwa shi ne izinin. Kwana uku bayan jana'izar na kira shi ya zo ya fasa. Yana fasawa yana dariya, yana cewa an biya shi ya gina an biya shi ya rushe. Maƙwabcin da ke kallona ya yi alkawarin zai mayar da ramin masansa cikin gida idan ya samu hali, har yanzu dai bai samu ba, kuma ban matsa masa ba, domin na san abin da yake samu. Gidan da ya toshe hanyar maƙabarta kuwa yana nan, da iyali a ciki, waɗanda su ma saya suka yi da guminsu. Mun kai maganar gaban mai unguwa, ana duba ko za a iya sayen wani yanki na kangon da ke gefensa a fitar da hanyar ƙafa, kuma an fara karo-karo a masallaci bayan sallar Isha'i.

Allah Ya jiƙan wannan dattijo, Ya gafarta mana abin da muka ci na haƙƙin jama'a da saninmu da wanda ba mu sani ba, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina roƙon wanda ya gani ya gyara mini.